Masu mota mai kyamara a gilashin gaba, yaya take muku a titunan Abuja?

Baban Ilham, Lugbe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yawancin motocin Amurka ƙirar 2018 zuwa sama da ake shigo mana da su suna da ƙaramar kyamara a bayan madubin tsakiya. Ita ke duba farin layi da motar da ke gaba, har ta sa mota ta taka burki da kanta. Ina yawan jin ana cewa a kashe ta a huta, wai ba don titinmu aka yi ta ba. Ni dai hankalina bai kwanta da wannan shawara ba. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Maman Sadik, Gwarimpa:
Wa alaikumus salam. Ni ba mai sa ni in kashe ta. Ana gab da magariba ina kan babban titin Kubwa, wani yaro ya bar gadar masu tafiya a ƙasa ya ratso ta tsakanin motoci da gudu. Kafin ƙafata ta bar totur motar ta yi ƙara, ta ƙame, bel ya shaƙe ni. Da na sauka gefe jikina rawa yake. Allah ne ya tsare, amma wannan na'ura ce sanadi.

Direban tasha, Lugbe:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Ni kullum ina kan titin filin jirgi. Inda fenti ya fito sarai tana aiki lafiya, da na kauce daga layi sitiyari zai girgiza. Matsala tana wuraren da aka yi faci, tsohon layi bai goge ba ga sabo a gefe, sai ka ji tana jan ka zuwa na da. Sai kuma hazo. In hunturu ya kankama, ko da safe in zan shiga gari rana na dukan gilashi, takan rubuta cewa kyamara ba ta gani. Na koyi goge daidai wurin kafin in tashi.

Injiniya, Jabi:
Malam direba ya taɓo asalin maganar. Kyamara hoto kawai take ɗauka. Kwamfutar da ke bayanta ce aka koya wa siffar mota da mutum da layi ta hanyar nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa, tana kuma ƙiyasta nisa daga yadda abu ke ƙara girma a hoton. Shi ya sa duk abin da ya hana idonka gani, ita ma ya hana ta. Yawancin Toyota da Honda suna haɗa ta da rada a gaban mota, wadda ke auna nisa da gudun abin da ke gaba da igiyar rediyo, ƙura ba ta cika damunta ba. Subaru kuwa kyamara biyu take sawa gefe da gefe, kamar idon mutum. Kamfanin Mobileye na Isra'ila, wanda Intel ya saya a 2017, shi ke yi wa masu ƙera motoci da dama wannan ƙwaƙwalwar.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba a koya mata ba. A 2017 Volvo da bakinsu suka ce na'urarsu mai gane manyan dabbobi tana ruɗewa da tsallen kangaru a Ostireliya. To ina ga garken shanu na tsallaka titi a Lokogoma, ko keke Napep da aka ɗora wa katifa? Kada wanda ya saki jiki ya ce za ta gane su.

Abu Hanif, Mararraba:
Mu 'yan Nyanya namu daban ne. A cunkoson safe masu babur suna kutsowa ta ko'ina, sau da yawa ta cije burki ba dalili, na bayana ya kusa shigar mini. Ban kashe ba, na shiga saiti na rage saurin gargaɗin. Ta yi sauƙi sosai.

Oga bakanike, Apo:
Yallaɓai Injiniya ka bar guda. Rabin masu kawo mini ƙorafi gilashin gaba suka canja, ko fanel-bita ya taɓa bamba. In aka cire kyamara aka mayar, dole a sake daidaita ta da kwamfuta, a motoci da yawa sai an kafa allon gwaji a gaban mota a shafaffen fili. Ɗan karkacewar da ido ba ya gani, a can nesa ya isa ya sa ta ɗauki motar layin gefe a matsayin ta gabanka. Motocin gwanjo masu haɗari kuwa, wasu an cire radar tun kafin su iso hannun mai saye.

Maman Sadik:
Oga, gilashina ya tsage daga gefe, ina shirin canjawa. Me zan tambaya?

Oga bakanike:
Hajiya, ki ce a ba ki gilashi mai mazaunin kyamara na ƙirar motarki, kada a liƙa baƙin tinti ko sitika a wurin. Kafin ki biya, ki tambaya ko suna da allon daidaitawa. In babu, a sa gilashin, ki wuce da motar wurin masu shi a ranar.