Raba faifan /usr guda tsakanin injunan Linux a kan z/VM

Tambaya

Assalamu alaikum. A wurin aikinmu muna da injunan Linux kusan 30 a ƙarƙashin z/VM (manhajar IBM da ke tafiyar da injuna da yawa a cikin babbar kwamfuta ɗaya), kowanne da nasa minidisk, wato yankin faifai da z/VM ya ware masa, ɗauke da kwafi iri ɗaya na /usr, inda manhajoji suke. Ina so in mayar da su kan faifai guda wanda duka za su riƙa karantawa ba tare da rubutu ba. Shin ext4, tsarin jera fayiloli a kan faifai, zai wadatar, ko akwai tarkon da ban hango ba?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Zai yi, Malam, amma ka riƙe cewa an gina ext4 ne bisa zaton inji ɗaya kaɗai ke da faifan. Kowane inji yana ajiye abin da ya karanta a ƙwaƙwalwarsa, kuma babu mai sanar da shi idan wani ya canza wani abu a ƙarƙashinsa. Na taɓa sabunta manhajoji a kan faifan da sauran suka riga suka haɗa da LINK RR (haɗin karatu kawai na z/VM), kafin la'asar har umarnin ls, mai nuna jerin fayiloli, ya daina aiki a wasunsu, domin rabin abin da suke gani tsoho ne, rabi sabo. Tun ranar nake ajiye minidisk biyu, in sabunta wanda ba kowa a kansa, sannan in juyar da injunan ɗaya bayan ɗaya lokacin sake tayar da su.

Amsa ta biyu

Ƙari a kan amsa ta farko, ka tabbata an sauke faifan (unmount) lafiya kafin a raba shi. Idan kundin journal, inda ext4 ke rubuta canje-canje kafin ya aiwatar da su, bai kammalu ba, Linux zai nemi ya gyara shi lokacin ɗora faifan (mount), z/VM kuma ya hana rubutun, sai ɗorawar ta ƙi. Shi ya sa ni na fi son ext2, tsohon tsarin da ba shi da journal, a nan, tunda faifan da ba a rubutu a kansa ba ya bukatar journal.

Wajen lissafin wuri kuwa, silinda ɗaya ta faifan IBM 3390 tana ɗaukar bulo 180 masu bait 4096 bayan an tsara faifan da umarnin dasdfmt, saboda haka samfuri na 9 mai silinda 10017 zai ba ka kimanin gigabait 7.

Mai tambaya

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki tsarin faifai biyu da ext2, in bar /etc da /var, inda saituna da bayanan da ke canzawa suke, a minidisk na kowane inji, in fara gwadawa da injuna uku.