Sitiroberin da na kawo daga Jos yana mutuwa a Kubwa, ku taimaka

Maman Biyu, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar shuke-shuke ku agaza min. A Disamba na je biki Jos, gidan ƙanwar maigidana a Rayfield na ga sitiroberi ja jawur a bayan kicin da wata fulawa shuɗiya mai kai kamar ƙwallo wai haidaranjiya, wlh na kasa ɗauke ido, shi ne ta cire min dashe takwas da fulawar guda ɗaya na taho da su. Har Fabrairu lafiya lau, mun ma tsinki 'ya'ya kaɗan, to tunda Maris ya kama ganyen ya fara ƙonewa ta baki-baki, furen ya bushe ya zube, yanzu saura uku. Safe da yamma nake ba su ruwa, suna cikin baƙar leda a kan intalok. Abin yana damuna sosai.

Manomin Vom:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba hannunki ba ne, gari ne. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba, shi ya sa mu dare na yi sai an ja bargo ku kuwa sai fanka, kuma wannan sanyin daren shi sitiroberi yake so. Zafi in ya wuce digiri 30 fure ba ya ɗaure ɗa, ku kuma a Maris kuna haura 35. Ko mu nan wajen Chaha da hunturu ake samun girbi mai kyau. Ki ɗauke shi a matsayin shukar lokaci kamar latas, ki dasa a Nuwamba ki ci zuwa Fabrairu.

Anti Mai Fulawa, Gwarinpa:
'Yar uwa wannan baƙar ledar ita ke dafa miki saiwa, da azahar ki taɓa ta ki ji, ga intalok yana turo zafi ta ƙasa. Ki samo tukunyar ƙasa ki huda gindinta, yadda randa ke sanyaya ruwa haka za ta yi wa saiwar, ki ɗora kan katako ki rufe saman da buntun shinkafa. Ki ajiye gabas da ɗaki su sha hantsi kawai, ƙarfe 11 inuwa ta rufe su. Haidaranjiya da rana dole ta yi laushi ko da ƙasar a jiƙe take, ki tura yatsa ki ji kafin ki ƙara ruwa, yawan ruwa ne ya sa tawa ta farko ta ruɓe.

Dan Bukuru:
Kar ki zuba wa haidaranjiyar toka Hajiya in kina son shuɗin nan, a ƙasa mai tsami take yin shuɗi, toka na kashe tsamin sai ta koma ruwan hoda.  Kashin kaji ɗanye kuma a wannan zafin ƙona su zai yi.

Maman Biyu, Kubwa:
Innalillahi, makon jiya na zuba musu kashin kaji. Na gode Allah ya saka da alheri, yanzu zan kwashe shi in mayar da su bayan tankin ruwa. Anti in na sauya musu tukunya a wannan zafin ba za su ƙarasa mutuwa ba, ko in bari sai ruwan Afrilu ya sauka?