Tujen Denham: wai daga ina wannan suna ya fito?

Direba Ɗan Mora:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tambayar da ta daɗe a raina, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku.

Ni haifaffen Mora ne a arewacin Kamaru, amma a Garwa nake zaune da iyali, tuƙi ne sana'ata. Shekarun baya, lokacin da hanya take lafiya, nakan ɗauki baƙi masu zuwa kallon namun daji da tsuntsaye. Wata shekara da rani na ɗauki wani dattijon Bature da matarsa, muka kama hanyar Ngaundare. Da hantsi muka iso wani fili da aka ƙone, sabuwar ciyawa ta fara leƙowa daga cikin toka, sai dattijon ya dafa kafaɗata ya ce in tsaya, in kashe mota. Tuje ne, namiji, yana takawa a hankali kamar basarake, wuya a miƙe, bayan wuyan ja-ja kalar tukunyar da aka gasa. Mun yi kusan rabin awa ba wanda ya yi tari. Da ya tashi, dattijon ya buɗe littafinsa ya nuna mini hoton, ya ce da Faransanci sunansa outarde de Denham, wato tujen Denham. Na ce mu tuje kawai muke ce masa. Ya sa na maimaita sau biyu, ya rubuta a gefen shafin da fensir.

Sunan ne ya tsaya mini, domin na taɓa jin sa. Muna yara a makarantar boko malaminmu ya ce wani Baturen Ingila mai wannan suna ya taɓa zuwa garinmu Mora, tun kafin Jamus, tun kafin Faransa. Na tambayi dattijon ma'anar sunan, ya ce shi ɗan Beljiyam ne, amma yana jin sunan wani ƙauye ne a Ingila.

Wannan amsa ta taɓa ni, ga dalili. Kakana mutumin Kazaure ne, fataucin goro da kanwa ya kawo shi Mora, ya yi aure ya zauna. A kasuwa akwai masu suna irin nasa har uku, don haka aka riƙa haɗa nasa da garinsu. Da aka zo yi wa mahaifina takardar haihuwa don shiga makaranta, akawu ya ce sai an ba shi sunan dangi. Babu. Sai ya rubuta abin da ya ji mutane suna faɗi, da rubutun Faransanci: Kazaouré. Shi ke nan ya bi mu. Ni ina ɗauke da shi, 'ya'yana biyar suna ɗauke da shi, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa taka Kazaure. Ƙanwata kuwa wani akawun daban ya rubuta mata Kazawré, da ta zo rubuta jarrabawar fita sakandare aka ce takardunta ba su dace da na ubanta ba. Wata huɗu muna zirga-zirga kafin a gyara harafi biyu.

To tambayata: da gaske Denham sunan ƙauye ne? Yana ina? Su ma Turawa haka sunan gari yake manne wa mutum ya bi zuriyarsa? Kuma wanda ya zo Mora shi ne mai tsuntsun?

Malamin Tarihi, Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Baƙonka ya faɗi daidai, kuma mutum ɗaya ne. Sunansa Dixon Denham, soja ne, an haife shi a Landan a 1786. Su uku suka tsallako Sahara daga Tarabulus, shi da Clapperton da likita Oudney, suka ga Tabkin Chadi a watan Fabrairu na 1823, suka sauka a Kukawa wurin Shehu Laminu na Borno. A watan Afrilu na shekarar Denham ya bi wata runduna zuwa Mandara, tare da Bu Khalum, Balaraben da ya rako su daga Fezzan ta kudancin Libiya, da Barka Gana, babban kwamandan Shehu, wanda asalinsa ƙasar Hausa ne. Sun sauka garinku, Sarkin Mandara ya karɓe su. Daga nan suka je suka far wa wani garin Fulani a kudu, aka fatattake su da kibau masu dafi. Bu Khalum ya mutu, Denham kuwa aka tuɓe shi tsirara, da ƙyar ya sha. A farkon 1824 ya bi Shari ya kai Logon. An sa wa tujen sunansa a 1826, bayan ya koma gida da fatun dabbobi da tsuntsaye. Ya mutu da zazzaɓi a Firitawun a 1828, makonni kaɗan bayan an naɗa shi gwamnan Saliyo.

Batun suna kuwa, kalmomi biyu ne na tsohon Turancin da ba a yi da shi yanzu. Denu shi ne kwari, ham kuma gida ko mazauni. In ka haɗa su, kamar ka ce Gidan Kwari. Da a ƙasar Hausa ne ba wanda zai ga baƙon abu, ga Gidan Madi ga Tudun Wada ga Gangare. Akwai ƙauyen Denham a lardin Buckinghamshire, yamma da Landan kaɗan, kuma sunansa yana cikin babban kundin ƙidayar gonaki da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Akwai wasu Denham biyu a lardin Suffolk, can gabas. Don haka ba duk mai sunan ne ɗan'uwan ɗaya ba, kamar yadda ba duk mai amsa Tudun Wada ne ya fito Tudun Wada guda ba.

Su ma da can suna ɗaya kowa yake da shi. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 manyan masu ƙasa suka fara haɗa sunansu da na filayensu, da ɗan harafin nan de na Faransanci a tsakani, wato wane na wuri kaza. A hankali abin ya gangaro kan talakawa, masu karɓar haraji da masu rubuta shari'a suna buƙatar bambanta wannan John da wancan. Wajen 1400 yawancin gidaje a Ingila sun sami sunan da ake gada, de ɗin ma ya zube. Wasu daga sana'a suka samu, Smith maƙeri ne, Taylor tela. Wasu daga uba, Johnson ɗan John. Wasu daga kamanni. Na huɗun shi ne irin naka, daga gari. A 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da mutuwa, kuma a irin waɗannan kundaye za ka ga abin da ya sami ƙanwarka, kowane mai rubutu da yadda kunnensa ya ji. Shi ya sa sunaye masu kama suke shiga juna: akwai Denholm na Sikotilan, akwai Denholme na Yorkshire, akwai Dinham wanda asalinsa garin Dinan ne na Faransa.

Abin da na fi so ɗalibaina su gane shi ne wannan, kuma labarin kakanka ya nuna shi sarai. Ba a kiran mutum da sunan garinsu yana cikin garin. A Kazaure kowa ɗan Kazaure ne, sunan ba ya bambanta kowa. Sai da ya iso kasuwar Mora ya zama Kazaure. Ban da masu ƙasar da aka san su da ita, yawancin masu irin wannan suna jikokin wanda ya tashi ne, ya tafi birni ko ƙauyen gaba.

Maman Hanifa, Landan:

Sannunku. Kawu direba, ni 'yar Garwa ce, unguwar Hausawa, aikin jinya ya kawo ni nan shekara shida. Na yi murna da ganin wannan tambaya domin na san wurin da idona. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta koma gidan ɗiyarta a can, na yi wata uku ina zuwa duk Asabar. Daga tashar Marylebone ake shiga jirgin ƙasa, ba ya kai rabin awa. In ka sauka akwai ɗan tafiya a ƙafa ta cikin fili kafin ka shiga tsohon ƙauyen. Titi guda ne mai lanƙwasa, gidajen jan bulo, wasu ganye ya haye bangonsu har taga, da tsohuwar majami'a mai hasumiyar dutse. Kuma Malam, kwarin yana nan. Ruwa ko'ina, kogin Colne da wani ƙaramin rafi da ke bi ta cikin ƙauyen, ƙasa a jiƙe, takalmina bai taɓa komawa gida da tsabta ba.

Abu ɗaya da zan ƙara: ba sa furta h ɗin. Denam suke cewa, a gajarce. Ranar farko na tambayi mai sayar da tikiti ina jan sunan yadda yake a rubuce, sai da na nuna masa a waya. Haka suke yi da Birmingham da Nottingham, duk ham ɗin nan ne na gida. Yarana masu son ƙwallo sun sha mamaki da na ce musu Beckham ma sunan ƙauye ne a Norfolk.

Na taɓa tambayar ɗiyar tsohuwar ko ta san wani mai suna Denham a cikin ƙauyen. Ta yi shiru tana tunani, ta ce ita dai ba ta sani ba, kuma shekara talatin take wurin. A asibitinmu kuwa na taɓa jinyar mutum ɗaya mai sunan, baƙar fata ne, iyayensa daga Jamaika suka zo.

Malamin Tarihi, Marwa:

Madalla 'yata, kin kawo mu ga rabin tambayar da na bari. Sunan ya bi jiragen ruwa kamar sauran sunayen Ingila, ya je Amurka da Ostireliya da tsibiran Karebiyan, inda bayi da yawa suka tashi da sunayen iyayengijinsu. Abin sha'awa kuma, ya sake komawa sunan wuri. A yammacin Ostireliya akwai gari Denham a bakin teku, an sa masa sunan kyaftin Henry Denham wanda ya auna gaɓar a 1858. A jihar Luwiziyana ta Amurka akwai Denham Springs, daga wani William Denham da ya zauna wurin. A Kingston ta Jamaika akwai unguwa Denham Town, daga Edward Denham wanda ya yi gwamna can daga 1934 zuwa 1938, kuma kafin nan ya yi gwamnan Gambiya.

Abba na Injamena:

Ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Malam, da girmanka, kamannin nan bai kai yadda kake nunawa ba. A wurinmu sunan gari na mai shi ne, ba na zuriya ba. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, duk makaranta da aiki ne suka liƙa musu garuruwansu. A gida kuwa ɗa da sunan ubansa ake kiransa, jika ya ɗauki na nasa uban, kowane ƙarni sunan yana sabuntuwa. Abin da ya faru da gidan Alhaji takarda ce ta daskarar da shi, ba al'ada ba. Su Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru kafin abin ya zauna musu, mu akawu ɗaya ya yanke mana a zama guda.

Sannan batun tsuntsu ya fi ci mini rai. Mutum ya yi ƙasa da shekara biyu a ƙasar nan, ya bi rundunar da ta fita neman bayi, amma duk littafin duniya tujenmu da sunansa yake tafiya. Kakannina maharba ne a bakin Shari, sun san lokacin da yake zuwa da inda yake ƙwai. Birnin da nake zaune an kira shi Fort-Lamy saboda sojan Faransa da ya mutu a Kusuri a 1900, sai a 1973 aka mayar da shi Injamena. Abin da aka iya yi wa birni ana iya yi wa tsuntsu.

Direba Ɗan Mora:

Allah ya saka muku da alheri duka. Malam, Gidan Kwari ya zauna mini daram, ba zan manta ba. Maman Hanifa, ki gaida yara, in kin zo Garwa mota tana nan.

Abba, batun tsuntsu ina tare da kai, kuma shi ya sa har yau nake jin daɗin cewa dattijon nan ya rubuta tuje a littafinsa. Amma batun takarda, ai Malam ya ce su ma masu haraji da masu rubutun majami'a ne suka daskarar da nasu. Bambancin dai nasu ya tsufa ne, namu jiya-jiya. Da na so in sauya wa yarana, in sa musu sunan mahaifina. Yanzu na fasa. Jiya da dare na karanta wa babbar 'yata amsoshin nan, ta ɗauko waya ta nemo Kazaure, ta ga tana jihar Jigawa, arewa da Kano, a hanyar Daura. Ta tambaye ni ko akwai sauran danginmu a can. Abin da na riƙe daga bakin mahaifina shi ne sunan unguwar da kakana ya fito da sunan ƙanensa da ya bari a gida. In akwai ɗan Kazaure a zauren nan, don Allah ya yi mini magana ta gefe, muna so mu zo bayan Babbar Salla.