Aikin rufe gyambon kwanciya mai zurfi: abin da masu jinya suka gani a Damagaram

Mai jinya daga Birni:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma doguwar kwanciya rigingine ta jawo masa gyambo a ƙarshen ƙashin baya. Bakinsa ƙarami ne, amma ciki ya yi rami har ƙashi. Likita ya ce wanki da ɗauri kaɗai ba za su rufe shi ba, sai an yi aiki. Ina roƙon wanda ya taɓa irin wannan jinya ya gaya mana abin da ya gani.

Wata uwa daga Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. An yi wa ɗana wannan aiki bayan hatsarin kabu-kabu ya taɓa masa laka. Ba a shiga da shi nan take ba, domin jininsa ya yi ƙasa kuma ya rame, sai da muka dage da ƙwai, wake, nono da nama har jikinsa ya ɗan murmure. A wajen aikin an kankare ruɓaɓɓen naman duka, an rage ƙashin da ya kamu, sannan aka yanko fata da tsokar mazauni ba tare da an raba su da jijiyarsu ta jini ba, aka juyo su aka cike ramin. An bar ƴar roba tana fitar da ruwa na wasu kwanaki. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne makonnin da suka biyo baya, da yake an hana shi kwanciya ko zama a kan ɗinkin, sai ruf da ciki ko gefe, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, gumi yana jiƙa shimfiɗa dare da rana.

Ma'aikacin jinya daga Sabon Gari:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Gyambon mataki huɗu ne, kuma na uku da na huɗu ne kan kai ga aiki. Dashen fata zalla ba ya jure nauyin jiki a kan ƙashi, shi ya sa ake jawo nama mai jininsa. Ɗinkunan da na ga sun buɗe, yawanci fitsari da bayan gida ne suka jiƙa su, ko an ja majinyaci a kan zanen gado maimakon a ɗaga shi. A riƙa juya shi kowane awa 2, kada a kwantar da shi a kan leda tsirara, kuma in yana da ciwon suga a fara daidaita shi.

Wani malami daga Garin Malam:
Na yayana ya warke sarai, aka fara zaunar da shi minti 15, ana ƙarawa a hankali. Da ya koma kasuwa yana wuni a kan keken guragu ba ya ɗaga jikinsa, wani gyambon ya fito kusa da tabon, kuma bai sani ba tunda ba ya jin wurin. Yanzu safe da yamma muna duba fatar, da zarar mun ga wurin ya yi duhu ko ya yi tauri sai mu hana shi zama.

Mai jinya daga Birni:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, da yake Baba ba ya iya daɗewa ruf da ciki saboda numfashi, yaya kuka riƙa jera matasai lokacin da ɗanki yake kwance a gefe?