Ni tela ne, ba fansho ba garatuti: me zan tanada wa tsufa?

Mai Almakashi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana hana ni barci, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace.

Ni tela ne, shekarata 46. Tun ina saurayi nake kan keke, ban taɓa aikin gwamnati ko na kamfani ba, saboda haka ranar da na ajiye almakashi babu wanda zai turo mini ko sisi a ƙarshen wata. Ina da mata da yara biyar, babban yana dab da gama sakandare, autar ko firamare ba ta shiga ba. Shagon haya ne, gidan da muke ciki ma haya. Kekuna huɗu gare ni da injin surfani guda, yara uku ke aiki a ƙarƙashina.

Alhamdulillahi ana samu, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma samun tela kowa ya san shi: wata guda aiki ya hana ka runtsawa, wata biyu ka zauna kana kaɗe wa keke ƙura. Abin da aka tara lokacin cunkoso, lokacin da kasuwa ta yi sanyi ya lashe shi.

Maigidan da ya koya mini ɗinki shi ne ya fi tayar mini da hankali. A zamaninsa kallo ɗaya zai yi wa mutum ya yanka masa riga, tef yana rataye a wuyansa bai taɓa shi ba. Yau hannunsa rawa yake yi, kekensa ma an sayar an biya kuɗin asibiti, mu tsofaffin yaransa ne ke ɗan haɗa masa abin da ya sawwaƙa. Ni kuma ga shi na fara sa tabarau, baƙin yadi da daddare ya fara gagarata, idan na daɗe a zaune sai na dafa tebur nake miƙewa.

To nawa ya kamata mutum ya tara, kuma a ina zai ajiye? Na banki dai ina kallonsu suna narkewa. Wani ya ce fili, wani ya ce zinare, wani ya ce in daina wahalar da kaina, yara su ne fansho. Kuɗin ruwa kam ba na so.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambayar a kan kari, yawancin mutane sai ƙarfi ya ƙare suke yin ta. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya sana'ar da ba ta cikin rajistar hukuma suke yi. Shi kansa fanshon ba wani daɗaɗɗen abu ba ne. Jamus ce ta kafa wa ma'aikata shi a 1889, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, kuma sai mutum ya cika 70 ake fara ba shi.

Zan faɗa maka lissafin yadda yake, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Rai a hannun Allah yake, amma a matsakaicin ƙididdigar duniya, wanda ya kai 60 yana da kimanin shekara 20 a gabansa. Kada alkaluman da ake yaɗawa na tsawon rai su ruɗe ka, mutuwar jarirai ce ke jan su ƙasa. Kai da ka riga ka girma, ka yi shirin daɗewa.

A 1994 wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun bashin gwamnatin ƙasarsu, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, yana ɗan ƙarawa daidai da tsadar kaya, dukiyar za ta kai shi shekara 30. Wato sai ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. Lissafin Amurka ne, ba kowace ƙasa zai hau ba, amma ya isa ya nuna maka girman aikin.

Yanzu ga naka. A ce daga yau kana ware kashi 10 cikin 100 na samunka har shekara 20, abin da ka zuba yana haifar kashi 3 cikin 100 a shekara bayan an cire tsadar kaya. Ranar da ka cika 66 za ka tarar da abin da bai kai samunka na shekara 3 ba. In ka daure ka ware kashi 20, ka sami na shekara 5 da 'yan watanni. Ka ga tari kaɗai ba zai fitar da kai ba, kuma duk wanda ya ce maka zai fitar, bai zauna da biro da takarda ba.

Abin da ke gyara lissafin shi ne rage abin da tsufan zai buƙata. Idan ka isa 66 a gidan kanka, babu haya, yara sun gama makaranta, babu bashin kowa a wuyanka, ɗawainiyarka za ta iya komawa rabin ta yau. Nan take tarin shekara 5 ya zama na shekara 10 da ɗoriya. Shi ya sa da ni ne kai, muhalli zan sa a gaba, ko ɗaki biyu ne, a unguwar da aljihuna zai iya, ba wadda ido ke so ba.

Narkewar kuɗi kuwa akwai hanyar auna ta. Ka raba 72 da yawan hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗinka za su rasa rabin ƙarfinsu. Kashi 12, shekara 6. Kashi 24, shekara 3. Don haka tsabar kuɗi ba wurin ajiyar tsufa ba ne. Ka bar na ɗawainiyar wata shida a inda hannu zai kai da sauri, saboda ciwo ko lokacin da shago ya yi shiru, saura ka mayar da shi abu.

Tunda ba ka son kuɗin ruwa, ka bincika sukuk, wato takardar zuba jari a tsarin Musulunci. Ribarsa yawanci daga hayar kadara take fitowa, gwamnatoci da yawa na fitar da shi, Malesiya na cikin na kan gaba, har Birtaniya ta fitar a 2014. Amma ka gwada ribar da tsadar kaya kafin ka saya, in tsadar ta fi ta, asara kake yi a hankali. Ka kuma tambaya ko ƙasarku na da asusun fansho na masu sana'ar hannu, wanda mutum ke zubawa gwargwadon ƙarfinsa. Indiya ta buɗe irinsa a 2015, Ruwanda a 2018. Babban amfaninsa a wurina shi ne wahalar cirewa.

Ɗan Kasuwa77 ya rubuta:

Yallaɓai duk wannan dogon lissafi ne. Zinare kawai. Ba ya ruɓewa, ba ya neman gyara, ba ɗan haya da zai ɓata maka rai.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Ƙanena, zinare na da wurinsa, musamman a ƙasar da kuɗinta ke faɗuwa. Amma a Janairun 1980 ya kai dala 850 kan kowane oza, zuwa 1999 ya sauko kusa da 250, bai sake taka 850 ba sai 2008. Wanda ya saya a saman yana da shekara 46, sai da ya haura 70 kafin ya ga kuɗinsa. Sannan ba ya haihuwa. Musulmin da zinarensa ya kai nisabi, giram 85, zai fitar da zakka ɗaya bisa arba'in duk shekara daga jikinsa. A riƙe kaɗan, kada a tattara komai a kansa. Haka banki, mutanen Labanan sun wayi gari a 2019 ajiyarsu ta maƙale. Haka hannun jari, kasuwar Japan da ta faɗo daga ƙololuwarta ta 1989 sai a 2024 ta koma.

Maman Biyar ta rubuta:

Malam Tela, ni ba ni da ilimin alkaluma, amma na ga abin da idona. Maigidana direban babbar mota ne, Allah ya ji ƙansa, shi ma ba fansho. Ya bar mana gida da ɗakuna uku na haya a gefe, da su na ƙarasa renon yara.

Kada a yaudare ka cewa haya kuɗi ne na zaune. Wata shekarar rufi ya yi yoyo, kuɗin ɗaki guda kaf ya tafi a kwano da ƙusa. Akwai ɗan hayar da ya yi wata da watanni bai biya ba, ga shi da ƙananan yara, kana kallonsu suna wasa a tsakar gida, da wane baki za ka ce su fita? Duk da haka na fi son ɗakin haya a kan fili. Fili ba ya ba ka komai sai ranar da ka sayar, kuma ranar da ciwo ya matsa maka ka nemi mai saye cikin gaggawa, rabin kuɗi za a taya.

Abin da nake so ka ji da kyau shi ne takarda. Akwai wani fili da marigayin ya saya a hannun abokinsa, da baki kawai, saboda amana. Bayan rasuwarsa 'ya'yan abokin suka ce ba su san zancen ba. Ban da shaida, ban da rasit, na haƙura. Duk abin da ka mallaka ka rubuta, a sa hannu, a yi shaidu, kuma matarka ta san inda takardun suke. Wanda kake bi da wanda ke bin ka, su ma a rubuce.

Ka kuma tuna tsufan ba naka ba ne kai kaɗai. Mata sun fi maza daɗewa a kusan ko'ina a duniya, kuma na tabbata ka girme ta. In tana da sana'a ka ƙarfafa mata jari, in ba ta da ita a nema mata tun yanzu.

Batun yara kuwa, nawa suna yi mini iya ƙoƙarinsu, Allah ya yi musu albarka. Amma ina jin muryar babban a waya idan wata ya yi nisa, na san shi ma da kyar yake. Ka yi musu tarbiyya da karatu don haƙƙinsu ne. In sun taimaka, ƙari ne.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Hajiya ta gama magana. A Singafo sai da aka kafa doka a 1995 da ta bai wa iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su, Indiya ma ta yi irinta a 2007. Da abin yana tafiya da kansa da ba a je majalisa ba.

Baba Kafinta ya rubuta:

Ɗana, ni na haura 70, kuma har yau daga shago nake ci, alhali rabona da zarto an daɗe. Ban ƙi maganar Akanta ba, amma bai taɓo abin da ke hannunka ba. Kana da kekuna huɗu da suna a wurin mutane. Matsalar ita ce duk mai kawo ɗinki hannunka yake nema. Maigidanka gwani ne, amma gwanintar a yatsunsa ta tsaya, da yatsun suka gaji shago ya mutu.

Tun yanzu ka fara janye jiki daga kan keke. Ka riƙe awo da yanka da duba aiki kafin ya fita, ɗinki ka bar wa yara. Ka nemi aikin da ba ya buƙatar idonka, irin kayan makaranta da na ma'aikata, masu zuwa da yawa a kan tsari ɗaya. Ka sa kanta a gaban shago kana sayar da zare, maɓalli, zif, shafi da allura ga sauran teloli. Mai shekara 75 zai iya zama ya ƙirga maɓalli.

Yaro mai hannu kuwa albashi ba ya riƙe shi, da ya ƙware zai tafi da rabin masu kawo maka aiki. Ni kaso na yanka wa babban yarona a cikin riba, muka rubuta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mai Almakashi ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Malam Akanta. Lissafin shekara 3 ɗin nan ya daki zuciyata, amma gara da na ji shi yanzu. Mun zauna da uwargida jiya, mun tsaya a kan muhalli tukuna, kuma ta ce ita za ta riƙe kantar kayan ɗinkin. Saura abu ɗaya: tunda samuna ba na wata-wata ba ne, yaya zan yi da kason? Watan da babu, babu ne.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Kada ka ɗaure kanka da adadi, ka ɗaure kanka da kaso. Duk ɗinkin da aka biya, a ranar ka cire kason tsufa kafin kuɗin su shiga aljihu, ka kai su asusun da ba shi da kati kuma ba ya cikin wayarka. Watan cunkoso ka ɗaga zuwa kashi 25 ko 30, watan shiru ko 5 ne ka sa. Kuɗin kafin alƙalami da ake ba ka na sayen kayan aiki ba naka ba ne tukuna, kada ka lissafa da su. Kuma ka sami littafi ka rubuta shiga da fita na shekara guda cur, don na lura a duk bayaninka ba ka faɗi abin da gidanka ke ci a wata ba, kuma da wannan adadin za mu yi sauran lissafin.