Hoton garin bakin teku da almuru: ko sama ta yi fari, ko gari ya yi baƙi

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tafiya zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku, mai tashar jiragen masunta da gidaje a kan tudu. Burina hoton nan da sama ke yin shuɗi, fitilun gidaje a kunne, haskensu kwance a kan ruwa. Amma duk sanda na gwada irinsa, ko dai gine-gine su fito sama ta yi fari fat, ko sama ta yi kyau gari ya yi baƙi ƙirin. Gilashin kyamarata 18-55mm ne. Sai na sayi wani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar kuɗinka a aljihu, matsalarka ta agogo ce. Da faɗuwar rana sama ta fi gari haske nesa ba kusa ba, kyamara ba ta iya riƙe su biyun. Can gaba kuma fitilu su rinjayi sama. A tsakani akwai ɗan lokacin da hasken sama ke raguwa ya yi daidai da na fitilu, wato sa'ad da rana ta nutse da kamar digiri 4 zuwa 8 ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Shi kake nema.

Tsawonsa ya danganta da inda garin yake. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu rana a miƙe take nutsewa, cikin minti 20 zuwa 25 ta yi digiri 6, kafin ka gyara tsayuwa an gama. A gaɓar Norway kuwa, lokacin zafinsu, almuru kan ja sa'o'i. Ka je tun rana na sama ka zaɓi wuri, ka kafa kaya, sannan ka riƙa ɗauka duk bayan minti biyu har duhu. Idan gabas kake fuskanta, samanta ta riga ta yamma yin duhu, lokacinka zai zo da wuri.

Amsa ta biyu: Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari kawai: mariƙi mai ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, kuma a RAW (ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba). Sa jinkirin daƙiƙa 2 don yatsanka kada ya girgiza kyamara. Barin kyamara tana shan haske daƙiƙa 15 zuwa 30 zai kwantar da ruwa ya yi sumul, amma jiragen da ke ɗaure suna lilo, za su fito dishi-dishi. Ni nakan ɗauki biyu, dogo saboda ruwa, gajere kamar 1/60 na daƙiƙa da ISO 1600 saboda jirage. Launi kuma kada ka bar wa kyamara ta zaɓa, sa ma'aunin launin haske wajen 4000K, in ya so ka gyara a kwamfuta.

Amsa ta uku: Ba wanda ya yi maganar ruwan kansa! Teku na cikowa yana janyewa, a yawancin wurare tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Duba jadawalin garin, ka nemi ranar da janyewa ta zo daidai da faɗuwar rana. Jiƙaƙƙen yashin da ruwa ya bari tamkar madubi yake. Sai dai ka danna ƙafafun mariƙin sosai, igiyar ruwa na zare yashin ƙarƙashinsu. Kuma kada ka hau dutsen da ruwa zai tare maka hanyar dawowa cikin duhu. Gishirin da iska ke ɗebowa yana liƙewa a gilashi ya sa wa fitilu hazo, riƙe ƙyalle mai laushi.

Amsa ta huɗu: Ni dai f/16, don fitilu su fito kamar taurari.

Mai amsa ta biyu: Za su fito kam, Yaya, amma kaifin hoton na raguwa idan ƙofar haske ta tsuke da yawa. Ya ɗauki guda a haka, sauran a f/11.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan ba ni da mai ƙafa ukun fa?

Mai amsa ta farko: Katangar tasha ma ta isa. Shimfiɗa jakarka ka ɗora kyamara, ka rataya igiyarta a hannu. Ka guji gadar katako dai, duk wanda ya taka sai ta motsa.