Don Allah a taimaka, ETA ɗin Ingila na neman ɓata mana tafiya

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya san kan ETA ɗin nan, wato izinin tafiya Ingila da ake nema ta intanet, ya taimaka min, wallahi jiya ko runtsawa ban yi ba. Muna Houston shekara goma sha ɗaya ke nan. Ƙanwata, autar gidanmu, wadda ni na goye ta kuma ni na riƙe karatunta bayan rasuwar Babanmu, za a yi bikin kammala digirinta na biyu a Manchester ƙarshen Yulin nan. Tun tana sakandare na yi mata alkawarin ko a ina ne zan je. Sai muka shirya kwana huɗu a Ingila, daga nan Abuja, sai Kano, don rabon yaran da gida tun kafin korona. Tun Maris muka yanki tikitin mutum biyar, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa. A 2022 na shiga Landan da fasfona na Amurka, ba wanda ya ce min uffan. Sai makon jiya abokin maigida da ke yi mana tikiti ya ce yanzu sai da ETA, ya karɓi dala 95 kan kowane mutum. Nawa da na Khalifa da na Amira sun fito. Na ƙaramin shiru. Na Hajiya mahaifiyarmu kuma wai kwamfuta ce ta ƙi karɓa. Saura kwana tara. Ya zan yi?

Anti Zee: Wa alaikumus salam. Hajiyar wane fasfo take riƙe da shi? Ba ki faɗa ba.

Alhaji Na-Landan: Maman Khalifa, kwantar da hankalinki ki saurare ni, shekarata ashirin da biyu a ƙasar nan. Da farko dai an yi miki yankan aljihu. Kuɗin ETA a 2025 ɗin nan fam 16 ne. Fam 10 ne ma da, sai a Afrilun 2025 suka ƙara. Tun 8 ga Janairun 2025 aka wajabta wa masu fasfon Amurka, shi ya sa a 2022 ba a tambaye ki ba. Ba biza ba ce, izinin hawa jirgi ne ga waɗanda dama ba sa buƙatar biza. Ki sauke manhajar UK ETA a wayarki, ki ɗauki hoton shafin fasfo, ki ɗora wayar a kan bangon fasfon ta karanta, ki ɗauki hoton fuska, ki biya. Minti goma. Shekara biyu yake aiki, kuma ko jinjirin da ake goyo sai an yi masa nasa.

Maman Khalifa: Alhaji na gode, amma mutumin nan ba macuci ba ne. Shekara takwas yana yi mana tikiti, lokacin da aka kwantar da Hajiya shi ya riƙa kai mu asibiti. Ƙila kuɗin wahalarsa ne. Anti Zee, fasfon Najeriya ne, amma tana da green card, katin zama a Amurka, tun 2021.

Anti Zee: To ai kin ji. Ba laifin kwamfuta ba ne. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake ba ETA, kuma fasfo ake dubawa, ba katin zama ba. Hajiya biza take buƙata, ta ziyara, kuma tana ɗaukar kimanin mako uku. Akwai ta gaggawa mai kwana biyar na aiki, sai dai kuɗinta ba kama hannun yaro.

Alhaji Na-Landan: Ba sai an kai ga biza ba. Ku ce wucewa kuke. Mai green card ba ya neman bizar wucewa, su kuma masu fasfon Amurka an ɗauke musu ETA in ta Heathrow ko Manchester za su sauya jirgi. Ni kaina na sha raka mutane.

Malam Sani (Leeds): Alhaji, a yi hattara da wannan. Sassaucin na wanda zai tsaya cikin filin jirgi ne, bai bi ta wajen jami'an shige da fice ba, ya hau wani jirgin ya tafi. Baiwar Allah ta ce kwana huɗu za su yi, har da zaman biki. Tikitinsu ma zai nuna. Tun daga Houston za a hana Hajiya hawa, tsohuwa tana ji tana gani.

Alhaji Na-Landan: Ai abin da nake nufi ke nan. A sauya wa Hajiya tikiti ta wuce Abuja ita kaɗai, a tarbe ta can. Magana ta ƙare.

Maman Khalifa: Haba Alhaji. Matar da ba ta jin Turanci, ga ciwon gwiwa, in sake ta ita kaɗai a Heathrow? Kuma 'yarta ce fa ake yi wa bikin. Ta ɗinka leshi takanas saboda ranar, tun watan azumi yake rataye cikin leda a bayan ƙofa, kullum sai ta ɗaga ta duba.

Ɗan Maiurno: Ke dai ki gode wa Allah naku fam 16 ne. Ni da fasfon Birtaniya a hannuna, na je Sudan a 2019 ta'aziyyar kakata, kwana goma sha biyu kacal. Bara na zo cike ESTA, irin wannan izinin na zuwa Amurka, zan je ɗaurin aure Chicago, sai ga tambayar ko na taɓa shiga Sudan daga 1 ga Maris 2011. Na faɗi gaskiya, shi ke nan aka rufe ni. Sai da na nemi biza, na je ofishin jakadanci a Landan aka yi min tambayoyi kamar wanda bai taɓa fita ba. Kafin ta fito har amarya ta tare. Suna cewa ba biza ba ce, to mece ce in ba biza ba?

Ummu Aisha: Mu ma nan Faransa daga 2 ga Afrilun 2025 aka ɗora mana. Maigidana ya buga a Google, shafin da ya fara fitowa ya shiga, ashe na 'yan tsakiya ne, suka cire masa ninkin-ba-ninkin kuɗin. Turai ma ga nata nan tafe, ETIAS. Ko'ina dai kuɗi.

Anti Zee: Maman Khalifa, mu koma kan yaran. Yawanci amsa kan zo cikin kwana uku na aiki, sau da yawa ma cikin mintuna, ta imel. Imel ɗin wa aka sa? In nasa ne, ƙila ta ƙaramin ta fito bai duba ba. Sannan fasfon yaran Amurka shekara biyar ne, akwai wanda kika sabunta kwanan nan? ETA a jikin lambar fasfo yake, in an sauya fasfo sai an sake nema.

Maman Khalifa: Innalillahi. Na Amira muka sabunta a Mayu. Shi kuma hotunan fasfonmu na da ne a wajensa, ban tuna na aika masa sabon ba. Amma ai da da matsala da ba ta fito ba, ko? Imel nasa ne, hoton saƙon kawai ya turo min.

Alhaji Na-Landan: Kin gani? Tun ɗazu na ce ki yi da kanki. Ki sake cike na yaran biyu a daren nan, fam 32, ki huta. Ki kuma karɓo dala 95 ɗin Hajiya, tunda abin da bai yiwuwa ya karɓi kuɗinsa.

Malam Sani (Leeds): Kafin ta sake biya ta fara tambayarsa lambar da ya sa. Ba a mayar da kuɗin in an biya. Da ni ne ke, bizar Hajiya zan sa gaba yau, ita ce ke cin lokaci, don sai an je an ɗauki hoton yatsunta.

Maman Khalifa: Ba zan iya tsare shi da tambayoyi kamar ɓarawo ba, abokin maigida ne, kuma maigidan yana wajen aiki sai Juma'a zai dawo. Ya ce in ƙara masa kwana biyu, akwai wanda ya sani da zai duba na Hajiyar.

Anti Zee: Wa zai duba me? Ba fa a ba mai fasfon Najeriya, ko wa ya sani.

Maman Khalifa: To bari dai mu ga zuwa Laraba. Wai tsaya, in Hajiya ta shiga ta Ireland fa, ta hau jirgin ruwa?